Ranar da Bututun Gidan Alhaji Mahadi Ya Yi Shiru

Alhaji Mahadi ya dawo daga masallacin Juma'a, ya shiga ɗakinsa don ya tuɓe babbar riga, sai ya tarar an ɓalle ƙofar durowarsa. Shaddodi suna nan a jere, agogo yana nan, turaruka suna nan. Abu ɗaya aka ɗauka, wani ƙaramin akwatin ƙarfe mai nauyi wanda girmansa bai wuce na tubalin siminti ba. A cikinsa akwai gwal ɗin ƙanwarsa marigayiya, sarƙoƙi da awarwaro da 'yan kunne, waɗanda ta bar masa amana don 'yarta Hafsat da ke makarantar kwana. Da dukiyarsa ce aka kwasa da sai ya yi faɗa ya huce, amma kayan marainiya ne, saboda haka sai ya zauna a bakin gado, ya aika a kira 'yan sanda.

Wannan abu ya faru a Gusau a shekarar 1998, lokacin jiha tana sabuwa, 'yan kwangila suna ta gina gidaje, kowa yana neman abin da zai saka a falonsa wanda maƙwabcinsa ba shi da shi.

Sufeto Muktar aka turo. Mutumin Rawayya ne, siriri, mai sanyin jiki, irin mutanen da in kowa yana gaggawa su sai su nemi wurin zama. Abokan aikinsa suna tsokanarsa cewa kafin ya gama tambaya ɓarawo ya tsufa. Ya duba durowar, ya duba tagogi, ya ga duk ƙarafunansu lafiya. Ɗakin Alhaji ƙofa ɗaya gare shi, kuma cikin falo take buɗewa. Falon kuwa ƙofa biyu gare shi, ɗaya ta cikin gida, ɗaya ta waje mai fita kan titi, kuma ba a taɓa makullin ko ɗaya ba.

Ya zauna a falon yana sauraron Alhaji, sai ya lura da wani abu da ya ɗaure masa kai. Saude mai girkin gidan ta shigo da ruwan sha, ta rangaɗa sallama kamar mai kiran wani a hayin kogi, sannan ta kama bakinta don kunya. Can maƙwabci ya shigo jaje, shi ma ya ɗaga murya, ya tsaya turus yana waige-waige. Na bayansa ma haka. Alhaji kansa da ƙarfi yake magana, sai in ya tuna ya sassauta.

Muktar ya ce, “Alhaji, halan akwai kurma cikin gidan ga?”

Alhaji ya nuna masa bangon gabas. A can akwai wani dogon akwatin gilashi cike da ruwa, kifaye ja da ruwan ɗorawa suna ta kai da komowa a ciki, an ɗora shi a kan kabad ɗin katako. Ya bayyana masa cewa ruwan ba a tsaye yake ba. Yana gangarowa ta bututu zuwa wani ƙaramin tanki da ke ɓoye cikin kabad ɗin, a tace shi, sannan ɗan inji ya sake tura shi sama. To wannan bututun shi ne masifar gidan. Tun ranar da aka kafa shi yake ƙugi da gurnani, kamar ƙato yana kurkurar maƙogwaro, kabad ɗin kuma yana amsa masa kamar ganga. Wata da watanni ba a iya hira a falon sai da ihu, har abin ya zame wa kowa jiki. Yau ne kawai ya yi shiru, bayan yaron da ya haɗa shi ya zo da safe ya taɓa shi.

Alhaji ya ce, “Kuma shi ne ɓarawon. Lukuman, ɗan Tsafe. Shi kaɗai anka bari cikin falon ga da hantsi. Ya gyara man bututu, ya gyara man durowa.”

Muktar ya buɗe kabad ɗin ya leƙa. Duhu ne da warin danshi, ga wayoyi, ga bututu ya sauko ya dafa kan wani tsumma da ke cikin ruwan tankin. Bai san kan abin ba, ya ɗauka haka ake haɗa shi, ya rufe. Ya tambayi wanda ke da makullin ƙofar waje. Alhaji ya ce daga shi sai ƙaninsa Idris, wanda ke riƙe masa rumbun hatsi a Bungudu, kuma kada ma a kawo sunan Idris cikin wannan magana, ciki ɗaya suka fito.

Alhaji mutum ne mai faɗa a ji. Kafin Muktar ya koma ofis waya ta riga shi isa, kuma kafin magariba an tura mota Tsafe an ɗauko Lukuman daga ƙofar gidansu da ankwa a hannu, mutanen unguwa suna kallo. Abin bai yi wa Muktar daɗi ba ko kaɗan, don ya tsani a kama mutum tukuna sannan a shiga neman dalili.

Da safe ya sa aka fito da shi. Saurayi ne baƙi, yatsunsa duk tabon yankan gilashi. A Kaduna ya koyi sana'ar, kuma akwatin Alhaji shi ne babban aikinsa na farko, wanda yake sa ran zai buɗe masa ƙofar sauran gidajen masu hali. Idanunsa sun kumbura, amma ba zaman sel ne ya fi damunsa ba. Tambayarsa ta farko ita ce ko an ji labarin babansa.

Muktar ya ce masa ya fara ba da nasa labarin. Lukuman ya ce ya zo da hantsi, Saude ta buɗe masa ƙofar falo ta cikin gida, ya kwance bututun ya wanke, ya mayar, ya sassauta injin, duk a banza. Da ya ga rana ta ɗaga sai ya tattara kayansa ya nufi tasha don ya sami Juma'a a gida.

“Amma dai ka kashe ƙarar kafin ka tafi.”

“Ban kashe ta ba, ranka shi daɗe. Yadda na iske ta haka na bar ta. Har bakin titi ina jin ta, ina jin kunya.”

“Alhaji ya ce ka gyara. Ni da kunnena na zauna falon, ban ji komi ba.”

Lukuman ya ɗago kai ya dube shi, mamakin da ke fuskarsa kuwa ba na shiri ba ne. Ya ce, “Wallahi da ni na gyara da na fi kowa son a sani. Wata nawa ina neman maganin abin ga ban samu ba. Ba ni ne ba.”

Wannan amsa ta tsaya wa Muktar a rai. Ga mutum an miƙa masa yabo a lokacin da ba shi da komai sai zargi, ya ce ba nasa ba ne. Kuma in ba shi ya gyara ba, to wa ya gyara? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ya koma gidan Alhaji. Saude ba ta ɗauki lokaci ba. Tun da ta rufe ƙofa bayan Lukuman ba ta sake shiga falon ba, don ita tsoron kifayen take, ta ce kallon mutum suke ba sa ƙiftawa. Tana tsakar gida tana tsintar shinkafa tare da matan maƙwabta biyu har aka sauko daga masallaci, kuma matan sun shaida. Sun ƙara da cewa babu wanda ya bi ta gabansu ya shiga falo ta ƙofar ciki. Muktar ya cire ta daga lissafi.

Sai ya nemi ganin Inna Yelwa, mahaifiyar Alhaji, tsohuwa mai ciwon ƙafa wadda ɗakinta ke jingine da bangon falon. Ya durƙusa ya gaishe ta. Da ya kawo maganar bututun sai ta gyara zama, don an taɓo mata inda yake mata ƙaiƙayi. Ta ce tun da aka kawo kifayen nan ba ta yi barcin rana ba, kuma ta sha gaya wa ɗanta cewa kifin da ba a ci ba shi da amfani sai ɗaukar alhaki.

“Inna, jiya yaushe yay yi shiru?”

“Liman na cikin huɗuba. Ina jin shi ta lasifika amma ban fahimtar mi yaka cewa, don ƙugin abin ga. Sai kawai na ji maganar liman ta fito tas. Na ce alhamdu lillahi.”

Ya tambaye ta ko wuta aka ɗauke, don ya san in babu wuta injin zai tsaya. Ta nuna masa fankarta, ta ce tana juyawa a lokacin, har ta ja mayafi.

Yana fitowa daga wurinta ya zauna a falo tare da masu jaje, sai ga Idris ya iso daga Bungudu. Mutum ne fari, mai tsabta, mai ladabi. Ya turo ƙofa ya yi sallama a hankali, ya durƙusa gaban yayansa ya yi masa jaje da murya ƙasa-ƙasa, ya ce sai da safen nan labari ya same shi. Da Muktar ya tambaye shi, ya ce rabonsa da gidan tun farkon mako, Juma'a kuwa a Bungudu ya yi ta. Ya ƙara da cewa shi dama bai taɓa yarda da yaron nan mai kifi ba. Muktar ya gode masa. Wani abu ya ɗan sosa masa rai game da shigowar mutumin, amma ya rasa mene ne.

Da la'asar ya hau bas zuwa Tsafe, a matse tsakanin buhun barkono da wata mata mai kaji, don motar ofis babu mai. Ya sami mahaifin Lukuman, Malam Yusha'u, a zaune cikin zaure ya juya wa ƙofa baya. Shi ne ladanin masallacin unguwar tun Lukuman bai zo duniya ba. Maƙwabta suka gaya wa Muktar cewa tun da aka tafi da yaron bai sake kiran salla ba, a gida ma yake yin tasa. Liman ya zo ya roƙe shi, dattawa sun zo, ya ƙi.

Tsohon bai yi doguwar magana ba. Ya ce, “Bakin da anka ce ya yi renon ɓarawo ba shi kiran mutane ga salla. In an wanke shi, in koma. In ba a wanke shi ba, shi ke nan.”

Tausayinsa ya kama Muktar ƙwarai. Ya fita ya yi tambaya, mutum fiye da goma suka shaida cewa Lukuman a sahun gaba ya yi Juma'a, tun kafin liman ya hau mumbari. Ke nan lokacin da bututu ya yi shiru a Gusau, yaron yana Tsafe. Sai dai ya san abin da Alhaji zai ce: ai tun da hantsi ya sace akwatin, shirun bututu kuma ina ruwansa da sata. Gaskiya ne kuma, Muktar ba shi da igiyar da zai ɗaure abubuwan biyu da ita.

Washegari ya biya Bungudu. Maƙwabtan rumbun Idris suka ce ranar Juma'a ya rufe da wuri ya hau babur, kuma babu wanda ya tuna ya gan shi a masallaci. Wannan ma ba hujja ba ce, mutum yana iya yin salla a inda ya ga dama.

Amsar a gidansa ta same shi, da safe, yana zaune a kan tabarma yana shan koko. Matarsa Shafa'atu tana jan ruwa a rijiya tana juyewa a bokiti, ruwan yana faɗawa da ƙara har yana hana shi tunani. Da bokitin ya cika sai ta kai shi bakin randa, wadda ta ɗaure wa farin ƙyalle a baki don tacewa, ta tuttula. Bai ji komai ba. Ruwan ya sauka a kan ƙyallen, ya bi jikinsa ya zurara ciki. Muktar ya ajiye ludayi. Ya roƙe ta ta sake zubawa, ta dube shi kamar wanda ya fara taɓuwa, ta sake. Ko kokon bai ƙarasa ba ya zura takalmi.

Ya fara tsayawa a ofis ya tambayi Lukuman abu ɗaya, ko akwai tsumma a cikin tankin ƙasa. Lukuman ya ce babu, soso ne kawai da tsakuwa a gefe guda, bakin bututun kuwa a sama yake, ruwan yana faɗowa daga nesa.

A gidan Alhaji ya sa aka fitar da kowa daga falo, aka rufe ƙofofi, ya rage daga shi sai mai gidan. Ya naɗe hannun riga, ya durƙusa gaban kabad ɗin, ya zura hannu cikin ruwan. Tsumman nan tawul ne. A ƙarƙashinsa akwai leda, a cikin ledar akwai abu mai kusurwa huɗu. Yana ɗago shi daga ƙarƙashin bututun, ƙugin ya dawo gaba ɗaya, har gilashin taga yana amsawa. Daga bayan bango suka ji Inna Yelwa tana salati.

Alhaji ya karɓi akwatin, ya dubi tawul ɗin. Tawul ɗinsa ne na wanka, bai ma lura ya ɓata ba. Ya buɗe da makullinsa, komai yana nan. Ya yi hamdala, hawaye suka zubo masa, sannan ya ce ai ga shi nan, yaron ya ɓoye a inda shi kaɗai ya sani.

Muktar ya matsa kusa da kunnensa saboda ƙarar, ya ce, “Alhaji, sa'ad da anka sa akwatin ga nan ne bututu yay yi shiru. Inna ta ce liman na huɗuba. Lukuman na Tsafe sahun gaba. Saude na tsakar gida da mata biyu. Ƙofar waje da makulli anka buɗe ta.”

Alhaji ya gane inda maganar ta dosa, fuskarsa ta canza. Ya ce ba zai yarda ba sai ya gani da idonsa. Muktar ya ce shi ma abin da yake so ke nan. Ya roƙe shi ya ɓoye akwatin, kada ya gaya wa kowa, ya aika Bungudu a kira Idris a ce akwai shawarar iyali bayan azahar.

Idris ya zo. Ya turo ƙofa da sallamarsa, ƙugin ya tare shi, sallamar ta maƙale. Idonsa bai je kan yayansa ba, bai je kan kifayen ba, kai tsaye ya sauka kan ƙofar kabad. Ya zauna, aka shiga magana da ihu kamar yadda aka saba. Alhaji ya ce abin ya dawo da kansa da safe, ya gaji, gobe zai sa a kwashe akwatin kifin da tankinsa a fitar masa da su daga gida. Idris ya ce hakan ya yi, amma zufa tana keto masa duk da fanka. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Da aka kira la'asar kowa ya tashi. Muktar ya yi sallama kamar zai wuce ofis, ya zagaya ta cikin gida, Saude ta buɗe masa, ya shige ɗakin Alhaji ya bar ƙofa a ɗan buɗe. Bai daɗe ba ya ga an turo ƙofar waje. Idris ya shigo da sanɗa, ko da yake a wannan ƙarar ko doki ya shigo ba mai ji. Ya durƙusa, ya buɗe kabad, ya zura hannu har kafaɗa yana lalube. Muktar ya bar shi ya laluba sosai, sannan ya fito ya dafa shi. Alhaji yana tsaye a bakin ƙofar waje, bai je masallacin ba.

Idris ya fara cewa ƙarar yake so ya gyara, amma ya dubi hannun rigarsa da ke ɗigar ruwa, ya dubi yayansa, ya bar maganar. Muktar ya kashe injin daga bango don a ji juna, sannan ya warware musu yadda abin ya kasance.

Gidan Alhaji yana kusa da masallacin Juma'a, sahu yakan kai har ƙofar gidan. Idris ya zo daga Bungudu a kan babur, ya ajiye shi nesa, ya bi cikin jama'a da hirami a ka, ya buɗe ƙofar waje lokacin da hankalin kowa ke kan huɗuba. Ya san Lukuman yakan zo ranar Juma'a, ya san a kan wa zargi zai faɗa. Amma ba shi da makullin akwatin, kuma ba ya yiwuwa ya fito da akwatin ƙarfe a hannu ya ratsa sahun masallata. Sai ya sa shi a leda, ya rufa masa tawul don ya yi kama da kayan tacewa, ya tura shi cikin tankin, da niyyar ya dawo in ƙura ta lafa. Bai san tawul ɗin zai tare faɗuwar ruwan ba, bai kuma san akwai tsohuwa a bayan bango da za ta riƙe lokacin ba.

Alhaji ya tambaya yaya aka yi ya zargi ƙaninsa tun kafin yau.

Muktar ya ce, “Duk wanda yas saba da falon ga, da ihu yaka shigowa. Saude ta yi, maƙwabta sun yi, kai kanka ka yi. Idris ya ce rabon shi da gidan tun farkon mako, sa'ad da abin ke ƙugi. Amma ran Asabar a hankali yay yi sallama, kuma bai tambayi mi yas sa anka yi shiru ba. Ya riga ya sani, don a hannun shi shirun yas sauka.”

Idris bai ƙara musu ba. Ya ce gwal ɗin asalinsa na kakarsu ne, an ba 'yar'uwarsu shi kaɗai, shi ba a taɓa tuna shi ba, kuma abin ya daɗe yana cinsa. Alhaji ya ce da ya buɗe baki ya roƙa da ya ba shi abin da ya fi wannan daga aljihunsa, amma ya taɓa kayan marainiya, ya kuma bar ɗan mutane a kulle yana kallo. Muktar ya rubuta abin da ya gani, ya tafi da Idris ofis. Abin da ya biyo baya tsakanin 'yan'uwan da mahaifiyarsu da hukuma, wannan doguwar magana ce, kuma ba ta yi wa kowa daɗi ba.

Kafin magariba aka saki Lukuman. Alhaji da kansa ya zo, ya kasa haɗa ido da shi, ya ce ya faɗi duk abin da yake so a yi masa. Muktar ya zaci yaron zai yi fushi ko ya yi kuka. Sai ya ji yana tambayarsa yadda tawul ɗin yake zaune, ko bakin bututun yana taɓa shi, ko ruwan tankin ya ɗago. Da aka gaya masa sai ya yi murmushi, karo na farko tun da aka kawo shi. Ya ce ashe nisa ne ya yi wa ruwan yawa. Zai ƙara wa bututun tsawo ya nutse cikin ruwan tankin, ya ɗaura masa jakar ƙyalle a baki, ya huda ɗan rami a sama don iska ta sami mafita. Haka kuwa ya yi daga baya, kuma Inna Yelwa ta sami barcinta na rana.

Amma a ranar, da Alhaji ya sake tambayarsa abin da yake so, ba maganar bututu ya yi ba.

Ya ce, “Alhaji, gaban mutane anka ɗauke ni. Ina son ka zo Tsafe ka faɗi gaban mutane. Ba don ni ba, don Baba.”

Alhaji Mahadi mutum ne mai girman kai, kowa a Gusau ya san haka, kuma Muktar ya ga yadda maganar ta yi masa nauyi. Amma washegari da hantsi ya sa aka fito da mota, ya ɗauki Lukuman a gaba, Muktar a baya. Suka isa Tsafe rana ta kusa tsakiya. Labari ya riga su, unguwa ta cika. Alhaji ya fito, ya cire takalmi a ƙofar zaure, ya durƙusa a ƙasa da babbar rigarsa. Bai rage murya ba. Ya ce shi ne ya yi wa yaron nan ƙazafi, ɓarawon daga gidansa yake, jininsa ne, Lukuman kuwa bai taɓa ko allura ba, yana neman gafarar uban da ɗan.

Malam Yusha'u ya daɗe bai juyo ba. Da ya juyo, ɗansa ya fara dubawa, tun daga kai har ƙafa, kamar mai duba ko an rage masa wani abu. Sannan ya ce wa Alhaji ya tashi, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya leƙa waje ya dubi inuwar bango, ya ce a miƙo masa buta.

Ya yi alwala a nan ƙofar gida, bai yi gaggawa ba, mutane suka buɗa masa hanya. Muktar yana tsaye a jikin mota lokacin da muryar tsohon ta tashi daga masallaci. Ta ɗan yi rawa a kabbarar farko, a ta biyu ta miƙe. Lukuman ya sunkuyar da kai yana share ido da hannun riga, Muktar ya kama hannunsa suka bi sauran jama'a zuwa salla.